Ndatsu da Tokar Sabulu

Duk wanda ya zauna a Kontagora shekarun da sojoji suka komo daga yaƙin Bama ya san Ndatsu Mai Kaji. Wanda bai san fuskarsa ba ya san warin gidansa. Banufe ne, daga wani ƙauye can kudu da shi kaɗai ke iya faɗin sunansa bai ciji harshe ba. Gajere ne, gwame, da haƙori ɗaya a sama wanda ya ƙi bin 'yan'uwansa. Shekara goma sha tara ya yi a bariki yana bauta wa Turawa, bai taɓa zama kuku ba, bai taɓa zama boyi ba, shi dai yankan kaji da figarsu da kwasar shara a bayan kicin. Ran da Baturensa na ƙarshe zai koma gida, kuku ya sami keke, boyi ya sami kwat, Ndatsu kuwa aka miƙa masa wani jan zakara ɗan ƙasar Turai da naɗin waya mai raga. Ya ɗauko su a ka har cikin gari yana washe haƙorin nan.

Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'ya babu mai rai. Sai ya kewaye bayan ɗakinsa da wayar, ya gina akurki a ciki, ya samo kaji goma sha ɗaya ya haɗa da zakaran, ya raɗa masa suna Razdan. Da safe sai ka ji shi yana ce wa zakaran, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Da ƙwan kajin nan yake ci, da shi yake sutura, da kajin yake hira. In ka raba Ndatsu da su, abin da zai rage haƙori ne da tabarma.

To, kowa a garin nan sakin kajinsa yake su yi kiwo su yi kashi a gidan maƙwabta, kamar yadda Allah ya tsara. Ndatsu ya ce shi a bariki ya tashi, kaza a kulle take. Kaji goma sha biyu a wuri ɗaya, dare da rana, ga damina. Ƙasar wurin ta koma wani kunu da ko ƙuda sai ya yi shahada kafin ya sauka.

Katanga ɗaya ta raba shi da Ruka mai sabulu, Bakatsiniya, doguwa, mai murya kamar ana yaga sabon akoko. Tun da tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa, duk abin da ta ga dama sai ta gaya masa, ba shi da ikon yin fushi.

"Kai bawana! Wai mutum ne ya mutu a gidan ko kai ne ka yi hamma?"

"Uwar ɗakina, sabulunki ne ya ruɓe," in ji shi, yana dariyar dole.

Ita ce ta kai ƙara, kowa ya sani. Aka turo Malam Bitrus duba-gari, da gajeren wandonsa na kaki da ludayin leƙa randa. Bai ma shiga ba, daga zaure ya toshe hanci da hankici.

"Baba, nan da sabon wata zan dawo. In na ji ko ɗan wari, kajin nan duk za a kwashe. Ka ji ko?"

"Har Razdan?"

"Har kakan Razdan."

Daga ranar Ndatsu bai sake maganar komai ba sai abin da za a shimfiɗa wa kaji a ƙasa. In ka gaishe shi a masallaci sai ya tambaye ka ra'ayinka a kan yashi. Ya fara da yashin. Kwana shida yana jidarsa daga rafi a ka, har wuyansa ya shige cikin kafaɗu. Ruwa ɗaya aka yi, yashin ya nutse cikin taɓo, sai ka ce bai taɓa zuwa ba. Wani mutumin Salka ya ce masa ɓawon gyaɗa. Ya shimfiɗa, wurin ya yi kyau kwana uku, a na huɗu ɓerayen unguwa suka tare da iyalansu, ƙasan ɓawon ya yi fumfuna, kaza ɗaya ta fara tari irin na tsofaffi. Ya kwashe ya zuba buntun shinkafa. Kajin suka tone shi suka watsa ta ramukan waya, iska ta kwasa ta juye a tukunyar sabulun Ruka. Abin da ta gaya masa ran nan ba zai rubutu ba, amma ta haɗa har da kakarsa ta wajen uwa, ta ƙare da cewa wasa take.

Sai ya tuna da sana'ar gidansu. Matan ƙauyensu sun iya daɓe, irin wanda ake zuba tsakuwa a buga da madaɓi, a shafe da makuba har ya yi sheƙi. Tun da ba shi da matar da za ta yi masa, ya durƙusa da kansa. Matan unguwa suka jeru a kan katanga suna yi masa waƙar daɓe suna tafi, suna kiransa amarya. Bai ɗaga kai ba. Ya daɓe wurin tsaf, ya ɗaga masa baki kewaye, tsayin taƙi guda, don kada abin da zai zuba ya sake tsallakawa gidan mutane. Ya kuma bi kajin ɗaya bayan ɗaya ya rage musu fiffike, kada wata ta tashi ta jawo masa sabon zagi. Aiki ya yi kyau, wallahi. Ko ɗigon ruwa ba zai ratsa daɓen nan ba, kuma ba shi da ta inda zai fita.

Saura abin shimfiɗa, ga wata ya kusa tsayawa. Ana gobe Malam Bitrus zai zo, Ruka ta leƙo.

"Bawana, ka ba ni tausayi. Kai duk zamanka da Turawa ba ka san toka ba? Wace tsohuwa ce ba ta barbaɗa toka a akurki? Tana kashe wari, tana kashe ƙuma."

"Tokar murhuna ba ta cika ƙoƙo ba, uwar ɗakina."

"Zo ka ɗiba tawa. Kyauta. Ai bawa ba ya sayen abin uwargijiyarsa."

Gaskiya ta faɗa, toka ake zubawa a akurki. Amma akurki rufaffe ne, kuma barbaɗawa ake yi. Tokar Ruka kuwa ba ta tuwo ba ce, ta sabulu ce, ta karan dawa da ɓawon ɗorawa, wadda in ta tace ruwanta sai ta naɗe hannu da tsumma kafin ta taɓa. Ko ta tuna da wannan ko ba ta tuna ba, ita da Ubangijinta. Ndatsu ya jido kwando tara. Ya shimfiɗa ta da kauri, ya bi da bayan ƙwarya ya lailaye. Wurin ya yi fari fat, ba wari ko kaɗan. Har ya kira masu wucewa su shigo su shaƙa.

Da gari ya waye ya fito da kajin kan farar shimfiɗarsu, ya toshe bakin akurki don kada su koma ciki su ɓoye kyansu. Ya sa kwaɗo a ƙofar waya, ya rataya mabuɗin a wuya, ya sa tsohuwar rigarsa ta bariki, ya tafi don ya taho da duba-gari da kansa.

Yana isa ofis hadari ya haɗo. Da hantsi ruwa ya sauko, irin mai zuwa da niyyar kwana. Malam Bitrus ya ce shi takalminsa na gwamnati ne, ba ya shiga ruwa, a jira. Ndatsu ya tsuguna a baranda yana murna, wai ruwan zai ƙara kwantar da ƙura.

A gida kuwa daɓe ya yi aikinsa. Ruwa ya taru bai fita ba, ya jiƙa tokar nan, wurin ya zama babbar tukunyar ruwan toka, kaji na tsaye a ciki har gwiwa. Tashi ba fiffike, akurki a toshe, ƙofa a kulle. Unguwa duk an ji kukansu. Wasu sun leƙa. Ɗantani mahauci, da ke fake a zauren Ruka, ya ce a fasa kwaɗon, sai aka ce masa wa zai taɓa kayan bariki ya sha ɗauri? Aka koma aka zauna. Wata ta ce ai Razdan ne ke yi musu fareti, ɗaga ƙafa, sauke ƙafa. Aka yi ta dariya.

Sai bayan la'asar suka iso. Ndatsu na gaba yana cewa, "Malam, shaƙa ka ji, don Allah shaƙa." Ya buɗe kwaɗon. Kajin sun daina kuka. Suna kwance cikin ruwa mai santsi, gashin cikinsu ya zube, fatar ƙafafunsu ta saɓule ta bar jan nama. Waɗanda suka sha ruwan bakinsu a buɗe yake. Razdan ya yunƙura da ya ji muryar maigidansa, ya faɗi ta gefe.

Malam Bitrus ya cire hankici daga hanci, ya ja numfashi sau biyu.

"Babu wari, Baba. Ka ci jarrabawa. Kajinka naka ne." Ya juya ya fita yana tsallake taɓo.

Ndatsu ya shiga ruwan da ƙafarsa, bai ko ji zafin ba sai daga baya, ya ɗauko zakaran ya rungume. Ɗantani ya ce, "Nda, in za a yanka a yanka yanzu, kafin su zama mushe a yi asara biyu." Mutumin da ya shekara goma sha tara yana yanka kajin wasu, ran nan wuƙa ta ƙi zama a hannunsa. Ɗantani ne ya yanka, duka goma sha biyun, a bakin zaure. Ba mai sayen kaza mai ƙonanniyar ƙafa, sai aka rarraba. Kafin magariba unguwa ta ɗauki ƙamshi. Aka aiko wa Ndatsu da romo a kwano, ya bar shi a inda aka ajiye.

Ana cikin haka Ruka ta shigo da tulu biyu da ƙwarya, ta naɗe hannu da tsumma.

"Bawana, sannu da hasara. Ruwan nan dai kada ya lalace a banza, ya yi ƙarfi yadda nake so. Matsa in kwashe."

Ya matsa mata.

Bai sake kiwon ko ɗan tsako ba. Ya yi shekara biyu yana figar kaji a rumfar Ɗantani a bakin kasuwa, ana biyansa da kai da ƙafa. Kan yake ɗauka, ƙafafun ya bar wa karnuka. A damina ta uku ya rasu, mutum bakwai suka raka shi.