Buhu Goma Na Masara Da Na Biya Babu Shaida

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya same ni ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, manomi a wani ƙauye cikin Ba'awa ta ƙasar Kiru, da matata da 'ya'ya huɗu da tsohuwata a gida. Ba ni da dukiya, abin da nake da shi girman kai ne na mutumin da bai taɓa cin bashi ba. Mahaifinmu ya bar mana gona guda a bakin fadama, kuma da yake ni ne babba, a hannuna take, ni nake nomawa in ciyar da kowa. A majalisa na sha cika baki cewa gara in kwana da yunwa da a gan ni a ƙofar wani ina murza hula. Ashe baki shi ke yanka wuya.

Wata damina tsohuwata ta kwanta rashin lafiya, kuɗin da na ware don taki suka tafi asibiti. Masara ta fito da kyau, ta kai gwiwa, sai ganyenta ya fara yin rawaya ina ji ina gani. Mutum ɗaya na iya faɗa wa damuwata, wato aminina. Tare aka yi mana kaciya, shi ne babban abokina ranar aurena, kuma sunansa na sa wa ɗana na fari. Dillancin hatsi yake yi, yana kai kaya kasuwanni. Ya ce in kwantar da hankalina, akwai wani Alhaji a Tudun Wada da ke ba da taki bada-kaka, wato ka karɓa da damina ka biya da hatsi idan an yi girbi. Ya ce ya san halina da kunya, ba sai na je ba, shi zai shige mini gaba. Bayan kwana biyu ya kawo taki da takarda, ya karanta mini a gindin ɗorawar gonar: buhu goma na masara da kaka, in kuwa aka gaza, gonar ta zama jingina. Ba zan yi masa ƙarya ba, abin da ke cikin takardar shi ya karanta. Na dangwala yatsa, ban shawarci tsohuwata ba balle ƙannena, don a ganina kafin su ji an riga an biya.

Allah ya ba da amfani a shekarar. Na cika buhu goma, na ɗinke bakinsu da jan zare, na yi ƙulli biyu a kunnen kowane buhu kamar yadda na saba tun ina yaro. Matata, wadda ita kaɗai ta san maganar, ta ce in bi motar da za ta kai kayan in ga Alhajin ido da ido, ko kuma in kira ƙanena ya tsaya a loda a gabansa. Na hau ta da faɗa, na ce mata ba su san abota ba. Gaskiyar magana kuwa, tsoro nake kada gari ya ji mai cika bakin nan ya ci bashi. Saboda haka da 'yan majalisa suka ga ana loda kaya suka tambaya, da bakina na ce na ba aminina ne ya sayar mini. Da yamma ya dawo da tsire a takarda, ya ce Alhaji na gaishe ni, ya yaba da kyan masarar, ya kuma yaga takardar a gabansa. Muka ci tsiren tare, har ina yi masa godiya.

Wata bakwai ina barci da munshari. Ina cikin sharar gona sai ga mutum biyu a kan babur, suka ce Alhaji ne ya aiko su, ya gaji da jira. Dariya ma na yi, na ba su ruwa, na kira aminina a waya. Ya ce yana hanya, zai zo mu yi magana, har rana ta faɗi bai zo ba. Washegari na tafi Tudun Wada, ranar na fara ganin mutumin da ke bi na bashi. Dattijo ne mai sanyin magana, bai ɗaga mini murya ba. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini sunana, gabansa babu komai. Ya juya shafi, ga sunan aminina, an rubuta buhu goma a makon da na loda kayana. Ashe shi ma akwai tsohon bashi a kansa, da masarata ya sauke. Na waiwaya cikin sitonsa, a can lungu cikin kayan da aka jibge ana jiran farashi, sai na hango jan zarena da ƙulli biyu. Na je na dafa buhun, na ce wannan ɗinkina ne. Alhajin ya ce ya tausaya mini, amma zare ba shaida ba ne, wanda ya kawo kaya shi ake rubutawa.

Magana ta kai gaban dagaci. Ina zaton in muka haɗa ido da aminin nawa zai sunkuyar da kai, sai ya gaishe ni kamar kullum, har da tambayar takwaransa. Ya ce lalle na ba shi masara, amma ta sayarwa ce, shi ya saye ta da kansa ya biya ni kuɗi a hannu. Ya kira mutum uku daga majalisarmu, suka shaida cewa daga bakina suka ji. Ba ƙarya suka yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Dagaci ya tambaye ni ko na faɗi haka, na ce na faɗa. Aka ce ina iya neman a rantsar da shi. Kafin in buɗe baki sai ga saƙon tsohuwata, wadda a ranar ta fara jin labarin, cewa ba ta yarda ba, yaron da ya ci tuwon tukunyarta ba za ta so abin da zai biyo bayan rantsuwar ya faɗa kan 'ya'yansa ba. Da na koma gida ba ta zage ni ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko da gaske na sa gonar ubanmu a takarda ita tana raye ban gaya mata ba. Na ce mata da gaske ne.

Aka daidaita a kan gonar ta zauna hannun Alhajin har in biya. Damina uku ke nan ina ƙwadago a gonakin mutane, ƙanena ya yi shekara bai sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Yanzu kowane buhu da kaina nake ɗora shi a babur, da ƙanen nawa a baya, a rubuta a gabanmu a ba ni rasit, matata ta adana a cikin kwalla. Saura buhu uku. Bara tsohuwata ta yi sha'awar sabuwar masara ta gonar mijinta, sai da na je na roƙi masu aikin Alhajin suka bar ni na karya guda biyu. Ba ta kai wannan kakar ba.

Ba bashin ne ya kayar da ni ba, don na ci kuma na biya. Kunya ce ta sa na rubuta ci ban rubuta biya ba, alhali malamai kullum suna faɗa mana a rubuta a kuma kafa shaidu. 'Yan'uwa, in za ku ci bashi ku san fuskar mai ba ku, ku san abin da za ku rasa in kun gaza, kada ku jingina abin da ba naku ku kaɗai ba. Ranar biya ku kai da ƙafarku, ku karɓi takarda, ko da kuwa ciki ɗaya kuka fito da ɗan aiken. Abin da kake ɓoye wa mutanen gidanka don kada a raina ka, wanda ka ɓoye a wurinsa ya riƙe wuyanka. Ni dai mutumin nan har gobe sahu ɗaya muke salla da shi, kuma kullum in zan aiki ɗana na fari, sunansa nake kira.