Tukunyar da Kaka Ta Kife

Sati biyu da suka wuce na tsaya a ƙofar kicin ɗin 'yata Rukayya, a unguwar Safa da ke Jidda, na hana a ɗora tukunya. Kwananta uku da haihuwa, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, likita ta ce a kula da zuciyarta, sai ga uwar mijinta, Hajiya Mariya, ta iso da ƙullin kanwa da ganyen darbejiya za ta fara mata wankan jego. Ni mace ce mai gudun rigima da surukai, kowa ya shaide ni. Amma sai na ba ku labarin kakata tukuna, kafin ku yanke mini hukunci a kan abin da na yi wa baiwar Allahn nan.

A unguwar Hindawiyya na tashi, nan Jidda, a wani tsohon gida mai hawa biyu wanda bangonsa ke zufa kamar mutum. Da an sallame Magariba sai mu yi sama, mu jikoki bakwai, mu tarar Kaka ta riga mu. Ta shimfiɗa tabarma, ta hura gawayi a kasko, butar shayi da na'ana'a tana kai. Iskar teku na zuwa da ɗumi, riga na manne wa mutum a baya, amma nan ɗin ya fi ɗaki. Yaran maƙwabta Sitti suke kiran kakanninsu, mu ma mun gwada sau ɗaya. Ta ce Sitti tana gidan maƙwabta, wanda ke nemanta ya sauka ya je, nan Kaka ce. Da ƙafa ta zo ƙasar nan tana budurwa, ta biyo ta Sudan ita da ƙanwarta Ladidi, kuma ba ta yarda cewa doguwar tafiyar ta rage mata ko da kalma ɗaya ta Hausa ba. Tamu Hausar kuwa, cewa take kamar an tauna an tofar.

Abu ɗaya na lura da shi tun ina ƙarama. Kaka na son kaskonta, amma ba ta zama kusa da shi, ba ta kuma barin kowa ya zauna. In ka matsa sai ta sa ƙafa ta ture ka baya.

Ita ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe daga yamma, ƙafarta duk faso." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso mu ba ta ruwa." Tana da tatsuniyoyi masu kura da aljanu, su muka fi so. Amma akwai wata guda da take maimaitawa har muka gaji da ita, ta wata mata mai suna Tasalla.

Tasalla, in ji Kaka, 'yar wani gari ce a kan duwatsu, inda sanyi ke kashe mutum in ya kwana ba wuta. Ranar da za ta yi tafiya da ƙanwarta, uwarsu ta ba kowacce ƙaramin kasko na garwashi, ta ce su rungume shi a ciki, kada su bari ya mutu. Suka yi ta tafiya, suna ƙara masa itace, har suka ƙetare ruwa suka sauka a wani gari inda ƙasar kanta ke ƙona tafin ƙafa. Mutanensu da suka riga su zuwa, kowa na rungume da nasa kaskon, zufa na zuba, ba mai ajiyewa, don an ce wadda ta ajiye ta yar da uwarta. Ƙanwar ta fara haki. Tasalla ta ɗauka sanyi ne ya kama ta, ta ƙara mata garwashi daga nata kaskon. Kafin wata ya tsaya ƙanwar ta mutu. Sai Tasalla ta fito tsakiyar gari, ta sauke kaskonta a ƙasa, kowa na kallo, ta ɗora tukunya a kai ta dafa abinci. Aka yi ca a kanta. A nan Kaka kan miƙe wuya, muryarta ta yi kauri, ta faɗi amsar Tasalla: "Uwata ta ba ni wutar nan don in rayu ne. Da ta ga garin nan, da hannunta za ta sauke mini ita." Daga nan sai ta ce ƙurunƙus, a kwashe kofuna, an kusa kiran Isha'i.

Mukan yi gunaguni. Wace irin tatsuniya ce wannan, ba dodo, ba ɗan sarki, an mutu kuma ba a dawo ba? Sai ta ce wanda bai ji daɗi ba ya mayar mata da shayinta.

Ranar Laraba kuwa saman ba namu ba ne. Bayan La'asar mata ke hawa, wasu da goyo, wasu da tsohon ciki, a koro mu ƙasa. Zaman Laraba ake ce masa. Dokarsa ita ce yarinya ba ta shiga sai ranar da ta fara al'ada, ranar nan kuwa uwarta ce za ta riƙo hannunta ta hau da ita. Da tawa ranar ta zo, na hau ina sunkuyar da kai kamar wadda ta yi sata. Kaka ta ce in ɗaga kaina, ba laifi na yi ba, girma na yi. Sannan ta faɗa mini abin da take faɗa wa kowace sabuwar shiga, a gaban kowa, ba ta rage murya ba.

"Tasalla ni ce. Ladidi ta haihu a gidan nan, a ɗakin da ke ƙarƙashinmu. Ni na tafasa ruwan safe da yamma, ni na tsoma ganyen, ni na dama kunun kanwar, ni na sa garwashi ƙarƙashin gadonta. Ta kumbura na ce sanyi ne, na ƙara wuta. Ba ta ga arba'in ba."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Sauran tarihin a hankali na tattaro shi daga bakin mata. Kaka ungozoma ce, duk unguwa ita ake kira. Bayan rasuwar Ladidi ta ƙi ci ta ƙi sha, har sai da ta samu wata ma'aikaciyar asibiti ta tsare ta da tambaya. Matar ta ce mata gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafin kuma na wahalar da zuciyar da ciki ya riga ya gajiyar, balle a gari irin Jidda. Kaka ta riƙe maganar. Shekaru suka ja, 'yarta, wato mahaifiyata, ta haife ni. Tsofaffin unguwa suka zo da katuwar tukunyarsu kamar yadda aka saba. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta kife ta a tsakar gida, ta zauna a kai.

An zage ta. An ce aibi ne, an ce ta zama Balarabiya ƙarfi da yaji, an ce sanyi zai shiga jikin 'yar ya ruɓar da ita, alhakin na wuyanta. Ranar sunana akwai waɗanda suka ƙi taɓa abincin gidanmu. Aka daina kiranta haihuwa. Ita ko a jikinta, ta yi ta wanke 'yarta da ruwa mai ɗumi, tana ba ta farfesu da kunun gyaɗa, har ta yi arba'in ta fito garau ta zaga dangi. Sai ga mata sun fara saɗaɗowa, wai sun zo aron turmi, su tsaya tambaya. Kaka ta ce ba ta son munafunci, mai tambaya ta zo ranar Laraba ta hau sama da rana tsaka kowa ya gan ta. Biyar suka zo.

Daga jego magana ta wuce zuwa shayarwa, da yadda uwa za ta yi wa 'yarta bayanin jikinta ba tare da tsoratarwa ba, da yadda mace za ta ce wa mijinta jikinta na bukatar hutu kafin wani cikin. Wadda takardunta suka samu matsala take tsoron asibiti, sai a samu mata biyu masu iƙama, wato takardar izinin zama, su raka ta. Maza suka sa wa zaman suna majalisar marasa kunya. Kaka ta aika musu cewa kunya ce ta binne mata ƙanwa, ta biya ta isa. Wata daga cikin biyar ɗin ta yi aure a unguwar Bagdadiyya ta buɗe nata zaman, wata ta koma Makka ta buɗe, 'yarta ta kai shi Ɗa'if. Yau da wuya ka sami unguwar da mutanenmu ke zaune a yankin nan babu Zaman Laraba. Ba mu da ofis, ba mu da allo a ƙofa. Jikokinmu wasu sun zama ma'aikatan jinya, rabin maganar da Larabci ake yi, sauran ta waya. Amma duk inda aka zauna, sai an ba sabuwar shiga labarin Tasalla.

To kun ji abin da ke kaina ranar da Hajiya Mariya ta sa aka sauko da babbar tukunyar gidan. Na gaishe ta, na yi mata sannu da ɗawainiya, na faɗa mata abin da likita ta ce. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, takwas na haifa, duk da ruwan zafi na tashi, ga ni gabanki. Jikana ne aka haifa a gidan nan. Halas, magana ta ƙare, a ba ni hanya."

Rukayya na jingine da bango tana kallona, numfashinta sama-sama, kunyar uwar miji ta ɗaure mata baki. Na san in na kauce, ba za ta ce a'a ba, za ta shiga ruwan nan ta ce Alhamdulillahi. Sai na karɓi tukunyar, na kife ta a kan tayil, na zauna a kai da ciwon gwiwata da komai.

"Hajiya, ki yafe mini," na ce. "Jikan naki ne, ban musa ba. Ki dafa mata duk abin da kike so, ki wanke ta da hannunki da ruwa mai ɗumi. Amma wannan ruwan da kanwar nan, sai dai in ni za ki fara dafawa."

Ta naɗe ganyenta ta fita ba sallama. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, don mace ce mai kirki, kuma ƙauna ce ta kawo ta, irin wadda ta sa Kaka ta ƙara wa Ladidi wuta. Wannan ne abin da ban gane ba ina yarinya. Na ɗauka labarin na mai taurin kai ne da mugayen mutane. Ashe babu mugu ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa tsayawar ta fi wuya. Kuma Kaka ba ta taɓa kashe wutar ba. Ta riƙe kaskonta, ta riƙe harshenta, ta riƙe suna da arba'in da zagayen dangi, abu ɗaya kawai ta sauke.

Ranar suna a cikin wannan tukunyar muka dafa shinkafa. Hajiya Mariya ta zo, ta ci, ta tafi, har yau kuma ba ta amsa gaisuwata a waya. Ta yi fushinta, Allah ya ba ta haƙuri, zan jira. Jiya da safe Rukayya ta sa silifanta da kanta, ta tako har ƙofa ta buɗe mini.