Ranar da Rabi ta je lakwal da takalmin Inna

"Yaya, riƙe mini allon nan, bai dace da shigata ba."

Haka ƙanwata Rabi, 'yar aji ɗaya, ta ce da ni yau da safe a bakin lakwal, wato makarantarsu. Ta yafa mayafin bikin Inna, ta rataya jakar hannu, ga tabarau marar gilashi, ga takalmi mai tsini yana nutsewa cikin rairayi. Ni Inna ta turo in karɓo takalmin. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kullum sai Rabi ta kai awakinmu wurin makiyayi kafin ta tafi, kullum ta makara, kullum a sa ta durƙuso. Gwiwoyinta har sun yi kanta.

Mushe, malamin da ke tsare ƙofa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Hajiya, biki ake a ajinku?"

"A'a, Mushe. Na ga mai irin wannan shigar ko yaushe ta zo ba ta durƙuso. Har gaishe ta ake."

Bai kai ga amsawa ba sai ga Madam, malamar ajinsu, ta sauko daga kabu-kabu, ita ma a makare. Mayafi, jaka, tabarau, ƙwas ƙwas ƙwas.

Mushe ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya mai da bulalarsa baya.

"Ku shige, ku duka biyun."

Takalmin dai ban samo ba, Rabi ta ce sai an yi hutu.

Ni ban iya magana gaban manya ba, ku faɗa mini: rashin kunya ta yi, ko ido gare ta?