Rabin Maganar Likita

Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane. In yana nemana sai ya ce wa Inna, wato mahaifiyata, "Ina yarinyar nan?" Har na gama jami'a, na samu aiki a wata ma'aikatar tarayya, na yi aure na haifi biyu, ina nan a yarinyar nan. Ni ma da haka na tashi. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin abinci yana kallona ba. Muna ƙaunar juna ƙwarai, amma duk abin da ya yi nauyi a baki, Inna ce ke kai wa wannan ta kawo wa wancan.

Direba ne na gwamnati. Yana cikin waɗanda suka yi ta jigilar kabad da fayil daga Legas lokacin da ma'aikatu suka tare a Abuja, kuma bai gajiya da ba da labarin yadda ya san Garki tana daji. Da farar hula suka dawo, aka ƙara albashi, gari ya cika da sababbin motoci da wayar salula, ko'ina ka duba gini ake yi. Rusau ya tashe mu daga Karmo, sai Baba ya lallaɓa ya gina ɗaki uku a Orozo, ya dasa mangwaro a tsakar gida. A lokacin da nake ba da labari saura masa shekara biyu ya yi ritaya, yana tuƙa wani darakta mazaunin Maitama. Abu biyu yake tinƙaho da su: bai taɓa sa oga ya jira shi ba, kuma alwalarsa ta asuba takan kai shi azahar.

Da haki ciwon ya fara. Hawa bene ɗaya ya miƙa makulli, sai ya tsaya ya dafa bango. Daga baya kwanciya ta gagare shi, sai a jingine yake samun barci, ƙafafunsa suka kumbura. Inna ba ta jin Turanci, ƙannena suna makaranta, saboda haka ni na ɗauki hutun yini ɗaya na kai shi asibiti. A mota na zauna baya, shi da maigidana suna gaba.

Likitan ɗan kudu ne, mai fara'a, Hausarsa ba ta wuce "Sannu Baba" ba. Turancin Baba kuwa na bakin aiki ne, ya isa a gane inda oga zai je da ƙarfe nawa za a dawo, amma bai isa maganar zuciya ba. Sai na zama tafinta, ina tsaye a bayan kujerar Baba. Bayan an yi hoton ƙirji da na zuciya, likita ya ce naman zuciyar ne ya saki, ya buɗe kamar tsohuwar roba, ba ya iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu da ƙafafu. Ba ya warkewa, amma da magani mutum kan yi shekaru yana harkokinsa. Duk wannan na faɗa wa Baba tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai yana cewa Allah ya sa kaffara ne.

Magani uku ya rubuta. Ya ce ɗaya kan sa jiri in mutum ya miƙe da sauri, ɗaya kan kawo busasshen tari. Na fassara. Sai ya ɗaga wata ƙaramar farar ƙwaya, ya dube ni, ya yi magana a hankali don kada in rasa komai. Ya ce wannan ita ke fitar da ruwan, in aka daina ta ruwan zai dawo ya cika huhu. Ya ce za ta sa shi fitsari sosai, musamman awoyin farko bayan ya sha, wani lokaci ma ba zai iya riƙewa ba. Ya ce an fi son a sha da safe, amma tunda direba ne, in ta takura masa a wurin aiki kada ya daina, ya dawo a sauya masa lokaci zuwa bayan ya tashi daga aiki.

Na ji kowace kalma. Ina da digiri, Turanci bai taɓa ba ni wahala ba. Amma na dubi ƙeyar Baba, da furfurar da ta leƙo ƙarƙashin hularsa, sai bakina ya ƙi. Ni, in dubi mahaifina in ce masa zai riƙa fitsari har ya kasa riƙewa? Ko bawali, da ake sakaya abin da ita, ban taɓa furtawa a gabansa ba. Na ce a raina zan faɗa wa Inna ta faɗa masa.

"Me ya ce?" in ji Baba, bai juyo ba.

Na ce, "Ya ce wannan ƙaramar kullum da safe za a sha, kada a yi fashi."

Likita ya ɗan dube ni, don ya ga doguwar maganarsa ta dawo guntuwa. Na yi masa murmushi irin na 'yan boko, na ce Hausa ba ta da tsawo. Ya yi dariya. Har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Ban faɗa wa Inna ba. Ranar gidan cike yake da masu dubiya, na ce sai wani zuwan. Wani zuwan kuma na tarar Baba ya warware, kumburi ya saɓe, har yana yi wa mangwaronsa ban-ruwa, sai na ga to me ya rage? Ai ya gani da kansa. Haka na sallami kaina.

A Kubwa nake aure, saboda haka sai ranar Asabar nake zuwa Orozo. Ni ke sayen maganin, ni ke duba kwalin, irin binciken da muke yi wa fayil a ofis. Kullum lissafi daidai, ramukan ƙwayoyin sun fashe ɗaya bayan ɗaya. A gabana ma yakan ɓallo ƙaramar farar ya kora da ruwan shayi. Ina lura cewa kafin hantsi ya zagaya sau biyar ko shida da buta, sai in kawar da kai in shiga kicin wurin Inna. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda yake yi ranar Litinin ba. Mutumin da ke fita daga Orozo bayan sallar asuba, ya shiga bas, ya faɗa cunkoson Nyanya inda mota kan yi awa biyu tana rarrafe, sannan ya ɗauki oga ya yini a bayan sitiyari. Ni da nake bin irin wannan cunkoso kullum ta hanyar Kubwa, wallahi ban kawo shi a raina ba.

Wata Asabar, kamar wata huɗu da fara maganin, mun yi sallama za mu tafi, sai ya biyo mu har ƙofar gida. Bai saba ba. Maigidana yana tsaye kusa da ni da makulli a hannu, yara suna rigimar wanda zai zauna gefen taga. Baba ya tsaya yana kallon tayar motarmu, kamar ita yake wa magana.

Ya ce, "Wannan ƙaramar farar, likitan ya ce lallai sai da safe?"

Amsar tana bakina. Na san ta kamar yadda na san sunana. Amma ga surukinsa tsaye, kuma in na ce ana iya sauya lokaci, dole a zo ga dalilin sauyawar. Na ce, "Da safe ya ce, Baba."

Ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Ya buga tayar da ƙafa, ya ce wa maigidana ta gaba tana son iska.

Bayan nan jikin Baba ya fara cika. Fuska ta yi fam, ciki ya ɗan fito. Mutanen masallacin unguwa suna tsokanarsa, "Malam, sai yanzu Abuja ta karɓe ka, ko kai ma an ba ka kwangila ne?" Yana dariya yana cewa tuwon Hajiya ne. Inna ma har daɗi take ji, don tun da ta aure shi siriri ne kamar sanda. Ya koma sa safa ko a gida, ya ce sanyin siminti. Da ya ce takalminsa na aiki ya matse shi, ni da kaina na shiga kasuwar Wuse na sayo masa mai lamba ɗaya sama, ina murna na yi abin kirki. Na riga na ga kumburi da idona tun farkon ciwon, na san kamanninsa. Amma kwalin magani ya ce ana sha, ni kuma na fi yarda da kwali.

Ranar wata Alhamis da safe, ina ofis, wani abokin aikinsa direba ya kira ni. Baba ya faɗi a ƙofar gidan oga yana goge mota. Na same shi a asibiti an sa masa abin numfashi, ƙirjinsa na ƙara kamar ruwa na tafasa. Likitan nan ne dai. Ya cire safar, ya danna ƙaurin Baba da yatsa, ramin ya zauna bai tashi ba. Ya tambaye ni ko yana shan ƙwayar ruwan. Na ce kullum, ni ke dubawa. Ya ce in tambaye shi. Na sunkuya na tambaya. Baba ya juya fuskarsa bango.

Likita ya ce da ni, ba da faɗa ba, "Na gaya muku in ta dame shi ku dawo mu sauya lokaci." Ban fassara wannan ba ma.

Sun yi iya ƙoƙarinsu. An cire ruwan da allura, amma zuciyar ta riga ta gaji. Ranar Lahadi bayan la'asar ya cika, Inna na riƙe da hannunsa, ni ina tsaye daga bakin ƙofa inda na saba tsayawa.

Ranar sadakar bakwai direban nan da ya kira ni ya zo da wata leda. Dattijo ne Bagware, sun shekara goma sha suna aiki tare. Ya durƙusa ya gaishe da Inna daga bakin labule, sannan ya miƙo mini. Darduma ce, da buta, da carbi, da wani gwangwanin madarar gari mai murfi. Na buɗe. Fararen ƙwayoyi ne ƙanana, sun kusa rabin gwangwanin.

Ya ce, "Madam, a boot na same shi. Ki yi haƙuri, ni na san wannan magana. Wata rana suna hanyan airport, go-slow ya kama su, oga yana baya da baƙo. Baba ba ya iya cewa oga bari na tsaya. Ya riƙe, ya riƙe, abin ya zo. Oga bai yi magana ba, ya buɗe glass kawai. Baba shi ya wanke seat da hannunsa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Daga ranan nan, Monday zuwa Friday, ba ya sha." Ya share ido da hularsa. "Na ce masa ya zubar kada a gani. Ya ce a'a, yarinya ce ta saya."

Da ya tafi na shiga ɗakin Inna da gwangwanin. Tana zaune a tabarmar takaba. Na faɗa mata abin da ya ce. Ta ce ta tuna ranar. Ya dawo ya wuce bayan gida bai yi sallama ba, ta same shi yana wanke wandonsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ta tambaya, ya ce man mota ne. Ta gane ba mai ba ne, ta bar shi da mutuncinsa. Ta ce ta so ta gaya mini, amma yaya za ta yi da 'yar fari maganar wandon ubanta?

Na ce, "Inna, likita ya ce ana iya sauya lokacin. Tun ranar farko ya faɗa. Ni ce ban faɗa ba. Baba ya tambaye ni ma, a ƙofar gida."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta zage ni. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta ce kwana ne ya ƙare, kuma na san gaskiya ta faɗa, na yi imani da haka. Amma sanin bai hana ni jin abin da nake ji ba. Ina baƙin ciki, ina kuma jin haushin kaina, har yau bai ragu ba. Ba na zargin tarbiyyar da aka yi mini, don ita ce ta sa ya ƙi zubar da abin da na saya. Kaina nake zargi, da na tsaya tsakanin mutum da likitansa na zaɓar masa abin da zai ji.

Gwangwanin yana cikin kabad ɗina. Ƙwayoyin sun daɗe da lalacewa, sun fara zama gari. Wani lokaci in cunkoso ya riƙe ni a hanyar ofis, ni kaɗai a mota, nakan gwada faɗin maganar da ƙarfi, da Hausa, in ji ko da gaske tana da nauyin da na ɗauka. "Baba, za ta riƙa sa ka fitsari. In ta dame ka a wurin aiki, ka faɗa mini mu koma a mayar da ita yamma." Ko minti ɗaya ba ta ci. Motar gabana ma ba ta motsa ba nake gamawa.