Mama Fibi, Mai Duba Katangar Tuwo

Ranar Talata, sha uku ga watan Maris na shekarar 1973, da hantsi, Ubangiji ya kira baiwarsa Mama Fibi Lado gida. Ta rasu a asibiti bayan 'yar gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta washegari a nan Jimeta. Ina aji ina koya wa yara lissafi sai matata Rahila ta zo ta tsaya a bakin taga. Rahila ba ta taɓa biyo ni makaranta ba, saboda haka tun kafin ta buɗe baki na ajiye alli. Wanda ya ba mu aron Mama ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa sai godiya. Amma rabuwar ta yi mini zafi, kuma ba zan ɓoye ba.

Ga wanda bai san ta ba, Mama Fibi ce ta kafa Zumuntar Iyali a majami'armu ta Luggere, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. A lokacin mata suna da zumuntarsu, maza suna da nasu taron, amma babu inda miji da mata ke zama tare su dubi gidansu. Ko ranar Lahadi, maza dama, mata hagu, kamar ba daga ɗaki ɗaya suka fito ba. Mama ta nemi izinin fasto, ta shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaron gidanta, ta kafa doka guda: kowace Alhamis da la'asar, bayan addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, miji da matarsa za su zauna a tabarma ɗaya su ci tuwo a kwano ɗaya.

Mai karatu na yau zai ga kamar ba komai ba ne. To, lallai bai san mu ba. Mun fito daga Numan, da Hong, da Guyuk, da Mubi, harsunanmu daban, al'adunmu daban, amma a kan abu ɗaya bakinmu ya zo ɗaya: namiji ba ya sa hannu a kwano da mace. Wani dattijon ikkilisiya ya tashi a taro ya ce a ina aka taɓa yin haka. Mama ta dube shi ta ce, "Baba, matarka ba ya cizo. In ma ya cije ka, ka zo, ina da magani." Aka fashe da dariya. Ran Alhamis ta farko mijinta, Baba Lado, shi ya fara wanke hannu, mu matasa muka bi bayansa muna sunkuyar da kai kamar masu zuwa karɓar bulala.

Sai daga baya muka gane ba don cikinmu take ciyar da mu ba. In an gama ci, Mama da kanta take bi tana kwashe kwanuka, ba ta yarda kowa ya taya ta. Ashe dubawa take yi. Mata da mijin da ke zaman lafiya, hannuwansu kan haɗu a tsakiyar kwano, su cinye tas. Waɗanda suka kwana da faɗa kuwa, kowa gabansa yake ci, yana tsoron kada yatsunsa su taɓa na ɗan'uwansa, sai a bar wani siririn tuwo tsaye a tsakiya. Shi ne Mama take kira katanga. Ba ta taɓa tona kowa a gaban jama'a ba. Amma duk kwanon da ta ga katanga, ran Juma'a da safe masu shi za su ji sallamarta. Takan zo da faifan gyaɗa, ta zauna, ta ce a taya ta ɓara. Ba wa'azi, ba tuhuma. Kafin gyaɗar ta ƙare, magana ta fito, wani lokaci da kuka, wani lokaci da dariya.

Mu maza, da wayonmu, muka shiga rushe katangar da yatsa kafin ta iso. A banza. Takan ɗaga kwanon ta juya shi, ta yi murmushi, washegari kuma ga ta da faifanta. Tana cewa katangar da ta faɗi da kanta daban, wadda aka ture don kunya daban.

Haka ta yi da mu a kan tarbiyyar yara. Ta hana a daki yaro yana riƙe da loma, ta ce in ya yi laifi a bari ya ƙoshi, laifin ba guduwa zai yi ba. Ita ce ta fara ɗora wa iyaye maza jarirai a cinya don uwa ta samu ta ci da hannu biyu. Akwai manyan ma'aikatan gwamnati a garin nan da suka koyi goyo a ƙarƙashin mangwaron nan, ba zan faɗi suna ba, sun san kansu. Alherinta bai tsaya a ikkilisiya ba. Maƙwabciyarta Dada Asta, matar Malam Hamajoɗa tela, Musulma ce, amma da ƙarfin Mama ya fara raguwa ita ce ta karɓi muciya, take tuƙa mana tuwon Alhamis tana tsokanarmu da cewa mun cika sabon salo. An ce har ta gwada dokar a gidanta. Malam Hamajoɗa bai tabbatar ba, bai kuma musa ba.

Mama, aiki ɗaya kika tafi da shi a zuciya, kuma da izinin masu shi nake faɗa. Ishmael, ɗan zumuntarmu, ya shiga soja ya tafi yaƙin basasa watanni kaɗan bayan aurensa da Mairo. Ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa, amma ba shi ne ya dawo ba. A fagen daga yana da aboki da suke ci a gwangwani ɗaya, aka harbe abokin suna tsakiyar ci. Tun daga ranar Ishmael bai ƙara sa hannu a kwano da wani mahaluki ba. Yakan ɗauki nasa ya juya ya fuskanci bango. Ba ya zagi, ba ya duka, sai shiru, kuma shirun nan ya fi ƙarfin Mairo. Bayan Kirsimetin da ya wuce ta ɗaure kayanta, ta ce za ta koma gidan iyayenta a Numan da ɗansu. Babu wanda ya ga laifinta.

Ke ma ba ki ga laifinta ba. Abu ɗaya kika roƙa: "'Yata, ki ba ni zuwa Ista. In Ista ya zo ba canji, ni da kaina zan raka ki tasha." Mairo ta yarda, amma ba ta kwance ƙunshin ba, yana nan a bayan ƙofa. Ishmael kuwa yakan zo ran Alhamis don girmanki, ya zauna nesa a kan wani kututture. Ba ki taɓa ce masa ya matso ba. Kikan bar Baba Lado da jikoki, ki zo ki zauna a tabarmar Mairo ki ci da ita, ku bar wa Ishmael gefensa ba a taɓa ba. In wani ya tambaya sai ki ce ba a barin mutum shi kaɗai a kan kwano. Mako ya bi mako, ba mu ga alamar komai ba. Sai ga shi kin tafi, Ista da saura. A maƙabarta na dubi Mairo na ce a raina, shi ke nan, wadda aka yi wa alkawari ta kwanta.

Washegarin jana'iza Alhamis ce. Muna zaman makoki a gidanki, babu wanda ya yi tunanin zumunta. Da la'asar sai ga Dada Asta da 'ya'yanta mata ɗauke da kwanuka. Ba a babban daro ta zuba ba kamar yadda ake yi wa 'yan makoki. Ta raba shi yadda kika saba, kwano ɗaya ga kowane gida. Rahila ta raɗa mata cewa yau ba taro. Dada ta ce, "Ni dai Fibi bai ce min in daina ba." Muka dubi juna, kowa ya nemi matarsa ya zauna.

Aka ajiye kwano a gaban Mairo. Ta wanke hannu, ta dubi wurin da kike zama, ta kasa kai hannunta. Hawaye kawai take yi. Na yunƙura in tura Rahila wurinta, Baba Lado ya riƙe mini riga. Ishmael ya taso daga kan kututturensa. Ya ɗauki buta ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa, sannan ya zo ya zauna daidai inda kike zama. Duk mun gani, duk kuma muka yi kamar ba mu gani ba. Ya ce da Mairo a hankali, "Mama ya ce ba a barin mutum shi kaɗai." Ya gutsuri loma.

Ba zan ce komai ya warware a yini ɗaya ba, ke kanki ba ki yarda da irin wannan labari ba. Ishmael yana da sauran tafiya, zumunta kuma ta ɗauki alkawarin tafiya da shi. Amma Mairo ta gaya wa Rahila cewa ta kwance ƙunshinta, ta mai da tufafin cikin akwati.

Ubangiji ya yi miki jinƙai, Mama, ya karɓe ki cikin hutunsa, ya zaunar da ke a teburinsa inda babu dama babu hagu. Ya ta'azantar da Baba Lado, wanda yanzu 'ya'yan zumunta ke karɓa-karɓa wajen ci da shi. Ya ba 'ya'yanki da jikokinki haƙuri, da Dada Asta da ta rasa 'yar'uwa, da dukan ikkilisiya. Ya ba mu ikon riƙe abin da kika bar mana, har ranar da za mu sake saduwa a gaban Yesu Almasihu. Amin.

A ranar nan da kowa ya watse, Baba Lado ne ya kwashe kwanuka a madadinki. Da ya zo kan na Ishmael da Mairo, ya ɗaga shi ya juya yadda kike yi, sannan ya miƙo mini in gani. Mama, babu katanga.

Malam Zadok, a madadin Zumuntar Iyali, Luggere, Jimeta