Gaisuwar da ban amsa ba

Tun damanar 2011 da aka yi mini aikin kunne mai zubar ruwa a Yamai, mutanen Gaya ke cewa girman kan 'yan lakkol, wato na 'yan boko, ya hana ni amsa gaisuwa.

Yau Alhaji Idi mai kamiyon ɗaukar kaya, jagoran masu faɗar haka, ya tare ni ƙofar masallaci. Shi ma aikin za a yi masa. Ya kira ni da laƙabin da ake yi wa 'yan lakkol, ya ce:

"Mushe, likita ya ce wani lokacin jijiyar ji kan mutu bayan aikin. Ashe ba ƙyale mu kake ba!"

Na ce, "Zagayo dama, Alhaji, ka maimaita da ƙarfi jama'a su shaida."

Ya maimaita har sau biyu.

Sauran da suka yi da ni, ga fili nan ƙasan rubutun nan, ku rubuto naku. Kunnen hagu dai bai dawo ba.