Saitin Muryar Mama

Shagona da na Baba Mai Keke katako ɗaya ne ya raba su, irin siririn nan da in mutum ya yi atishawa a can sai ka yi masa sannu daga nan. Ni ɗinki nake yi, shi gyaran keken ɗinki, don haka tun ranar da na kama shagon muke faɗa. Ya ce ina kashe keke da rowar mai, na ce shi yake barin ƙusa ɗaya a kwance don in dawo. Dogon mutum ne marar yawan magana, kullum hannunsa na warin man keke. Bayan shagon akwai ɗaki guda. Nan ya zauna da matarsa, wadda duk layin muke kira Mama, har Allah ya yi mata rasuwa, nan kuma ya ci gaba da kwana shi kaɗai.

A bango, tsakanin bel-bel ɗin keke da kalanda, yana rataye wata 'yar kayan kiɗa da ya saya wurin 'yan gwanjo tun yana da baƙin gashi. Ita ba jita ba, ita ba ƙaramar nan da ake kira yukulele ba: tsirkiya shida kamar jita, jiki kuwa ɗan mitsitsi, ka rungume ta kamar jariri. Mu dai jita muke ce mata. Ba wanda ya koya masa. Da ya ga yadda masu kiɗa ke lanƙwasa yatsu sai ya ce shi ba zai iya wannan wahala ba. Ya zauna yana murɗa kunnuwanta, ya sassauta wannan, ya ɗaure waccan, har ya zama in ya shafa tsirkiyoyin haka kawai, ba tare da ya danna komai ba, sauti mai daɗi ke fita. In yana son canji sai ya shimfiɗa yatsa ɗaya a wuyanta ya matsa gaba ko baya. Kiɗan malalata, in ji shi.

Da can saiti iri-iri gare shi. Akwai na ranar ruwan sama, akwai wani mai tsini da yake yi in kwastoma ya ɓata masa rai, wanda da na ji shi nake sanin yau ba ranar aron almakashi ba ce. Sai kuma na Mama. Ita murya gare ta mai kauri, can ƙasa, kuma ba ta iya share shago ba tare da tana ɗan rera wani abu a maƙogwaro ba. Ya yi ta sassauta tsirkiyoyin yana binta har suka sauka daidai inda muryarta take zama. Takan ce, “Kai dai ba ka da aikin yi,” amma ba ta daina rerawa ba.

Tun da ta rasu ya bar sauran, jitar ta tsaya a saitinta. Kowace yamma in aiki ya lafa sai in ji ya sauko da ita. Tsirkiya ba ta zama wuri ɗaya, zafi da sanyi suna janta, to sai ya ɗan taɓa kunne ɗaya ko biyu, ya shafa, ya yi shiru. Ba waƙa yake yi ba. Wallahi wani lokaci haushi yake ba ni, abu ɗaya kullum kamar famfo mai ɗiga. Na taɓa ɗaga murya na ce, “Baba, don Allah a canza mana tasha!”

“Ba zan iya ba, 'yata,” ya amsa ta bayan katako. “In ya ɗan zame ina kamo shi. In ya yi nisa ban san hanyar komawa ba. Ko sunan sautin ban sani ba.”

'Ya ɗaya gare su, tana aure a wani gari mai nisa. Bara suka zo ita da mijinta. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, irin surukin da ba ya iya zama bai gyara wani abu ba. Ya gyara sakatar ƙofa, ya canza ƙwan fitila. Da Baba ya fita kai wa wata mata kekenta tare da 'yar, ni kuma na tafi sayen zare, sai idon surukin ya faɗa kan jitar. Ya ga tsirkiyoyi sun yi tsatsa. Ya je ya sayo sababbi, ya cire tsofaffin duka, ya ɗaura, ya buɗe wayarsa ta nuna masa saitin da kowa yake yi a duniya, ya daidaita tsaf. Har goge ta ya yi tana ƙyalli.

Na dawo daidai lokacin da yake miƙa wa Baba ita hannu biyu, yana murmushi.

“Baba, ga ta nan na gyara maka. Ashe duk a karkace take.”

Baba ya karɓa ya shafa sau ɗaya. Wani sauti ya fito, tsantsan, baƙo. Ni da na san abin da aka yi, na buɗe baki zan yi magana ya kalle ni, na haɗiye.

“Madalla,” ya ce. “Allah ya yi albarka. Ka sha wahala.”

Washegari suka tafi suna murna.

Daga nan na shiga uku da sauraro. Da yamma sai murɗa kunne: ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Wani lokaci ya kusa, har in tsayar da keke in kasa kunne, sai tsirkiya ɗaya ta ɓata komai. Sababbin ma ba sa zama, kafin ya gama da ta shida ta farko ta gudu. Kekunan mutane suka taru a shagon ba a taɓa ba. Tausayi ya hana ni tsokanarsa, shi ma ya daina yi mini faɗan mai.

Wata rana ya ƙwanƙwasa katakon, abin da bai taɓa yi ba.

“Tela, zo mana. Ke da kika sha jin abin nan, ki rera mini.”

Na zauna kan benci na gwada. Ni kuwa muryata ko a taron yara ba a sa ni gaba. Na ja ƙasa, na ja sama, yana bina da murɗi, har abin ya ba mu dariya mu duka.

Na ce, “Haba Baba, ai da sauƙi. Ka yi yadda ka yi da farko. Ka tuna muryar Mama a ranka, ka bi ta.”

Ya dubi jitar a cinyarsa.

“Abin da nake ta yi ke nan,” ya ce. “Na ɗauka da muryarta nake gyara jitar kullum. Ashe jitar ce take tuna mini da muryar. Yanzu in na rufe ido ina ganinta da tsintsiya, ina ganin bakinta yana motsi. Ba na jin komai.”

Ya ɗago ya dube ni, kamar mai jin kunyar roƙo.

“Ke kina tunawa? Ko yadda take kirana in abinci ya sauka. Yi mini sau ɗaya.”

Ina tunawa, ko dai na ɗauka ina tunawa. Na gyara zama, na buɗe baki na kira shi, yana jira da yatsunsa a kan kunnen jitar. Muryata ce ta fito.